Me-Aka-Taɓa, Mai Bin Waya

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene a layin masu gyaran waya, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannuwansa biyu ba. Ba a rubuta komai a ƙofa ba. Idan ka tambaya da ainihin sunansa ba lalle a gane ba, amma ka ce Me-aka-taɓa kake nema, kowa zai nuna maka. Sunan ya fito ne daga tambayar da yake fara yi wa duk wanda ya kawo masa matsala. Ba ya buɗe jakarsa sai an amsa masa.

Shekara ashirin da shida ya yi yana hawan falwaya a kamfanin tarho, zamanin da waya ke bin igiya har cikin ɗaki. Can ya rasa kunnensa na hagu, ranar da tsawa ta faɗa kan layi yana cikin sauraro, shi ya sa yake karkata kai idan ana masa magana. Da wayar hannu ta shigo aka sallame su, yana da hamsin da ɗaya. Abokan aikinsa wasu suka koma tuƙi, wasu suka zauna a gida. Shi kuwa ya shiga ja wa shagunan intanet waya a bango, yana kallo yana tambaya, har ya gane yadda kwamfuta ke gano 'yar'uwarta a gida ɗaya. Matarsa takan ce da ƙuruciya ta yi kishi da falwaya, yanzu kuma da tsufa tana kishi da bayan kabad.

"Ni ba likitan kwamfuta ba ne," in ji shi. "Mai sasanci ne. Idan biyu suka daina magana, a kira ni."

Na san shi ne wata bakwai bayan rasuwar 'yarmu. Shekararta ashirin da bakwai, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, kuma ita ce ta haɗa kwamfutocin gidan: babbar tata a ɗakinta, da ƙarama ta tafi-da-gidanka da muke amfani da ita a falo. A kan ƙaramar ta ajiye mana wata folda mai suna Gida, cike da hotuna da bidiyo da saƙonnin murya na shekara tara. Mahaifiyarta takan buɗe ta kowace safiya. Ni duk a zatona abubuwan suna cikin ƙaramar ne. Ashe taga ce kawai. Komai yana cikin ta ɗakinta, wadda ba mu san lambar sirrinta ba, muna dai kunna ta mu bar ta.

Wata Talata matata ta danna foldar, aka ce ba a same ta ba. Ta sake dannawa. Har azahar tana zaune a wurin.

Na kai babbar kwamfutar shago biyu. Na farko suka ce a goge ta a sake zuba mata komai. Na biyu suka duba suka ce ko an ciro ma'ajiyar bayananta ba za ta karantu ba, domin marigayiyar ta kulle ta. Wani mai sayar da caja ne ya ce in gwada tsohon da ke ƙarƙashin matakala.

Ya zo washegari da hantsi, da jakar fata wadda aka ɗaure hannunta da waya. Ya tarar da surukina, ƙanin matata, wanda tun da ya yi kwas na wata uku ya zama injiniyan dangi.

"Allah ya jiƙanta da rahama," ya ce bayan mun gaisa. Ya zauna, ya juyo mini kunnensa na dama. "To, Malam, me aka taɓa?"

"Ba a taɓa komai ba."

"Haka kowa ke cewa. Aljanu ne suka taɓa ke nan. Ranar Litinin wa ya shigo gidan nan?"

Na yi tunani. Kamfanin intanet sun turo ma'aikaci ya canza mana akwatin nan mai ƙyaftawa, wanda suke kira rauta, ya sa sabo mai sauri. Ban lissafa shi cikin taɓawa ba, tunda intanet ɗin ya ci gaba da aiki, har ya fi da.

"Ai Baba na riga na danna ɗan maɓallin nan na baya," in ji surukina. "Sau biyu ma. Na mayar da shi yadda ya fito daga kamfani."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Maɓallin nan shi ke ciyar da iyalina shekara goma sha biyu. Na wanne ka danna, sabon ko tsohon?"

"Sabon."

"To ka ci gaba da dannawa, ba ruwana da shi. Tsohon nake nema."

Ya ɗauki takarda ya zana mini gidan: ɗaki, falo, akwati a tsakiya. Ya ce akwatin kamar mai raba lambar gida ne a unguwa. Marigayiyar ta ba kwamfutarta lamba tsayayya a layin tsohon akwatin, ta kuma gaya mata cewa nan ne gida, ta buɗe ƙofa. Da aka kawo sabo, lambobin layin suka canza, ita kuma ta ga baƙon wuri ta rufe ƙofarta. Gyara wannan daga ciki sai da lambar sirri. Amma idan tsohon akwatin ya dawo yadda yake, ba wanda ya danna masa komai, za ta iya ɗauka ta koma gida.

"Ba intanet kuke nema ba," ya ce. "Ɗakin da ke bayan bangon nan kuke nema."

Na ce ina jin ma'aikacin ya tafi da tsohon akwatin. Surukina ya ce ko an zubar. Matata ta tashi ta shiga ɗaki. Ta dawo da shi a naɗe cikin ɗankwali. A jikinsa akwai farar takarda da aka manna, da rubutun 'yarmu: Baba, kada ka cire wannan. Saboda rubutun ta karɓe shi daga hannun ma'aikacin.

"Hajiya, kin fi mu duka iya aikin nan," in ji Me-aka-taɓa.

Cajarsa ce babu, da ita ma'aikacin ya tafi. Surukina ya miƙo ta sabon akwatin, tunda bakinsu ɗaya. Me-aka-taɓa ya riƙe masa hannu.

"Tsaya. Ba duk abin da ya shiga ne ya dace ba."

Ya ɗora tabarau a kan tabarau, ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin akwatin, ya karanta na cajar. Wutar da take bayarwa ta fi ƙarfin tsohon akwatin, da an jona da ya ƙone. Ya zazzage jakarsa a kan tabarma, caja ta fi ashirin, yana ɗaga kowace zuwa hasken taga. Ta goma sha wani abu ce ta yi daidai.

Ya durƙusa bayan teburin ɗakinta da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya cire wayar daga sabon akwatin ya mayar da ita tsohon. Ko madannan kwamfutarta bai taɓa ba. Fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya. Ya jona ƙaramar, ya jira kamar minti biyu, sannan ya ce wa matata ta danna da hannunta.

Foldar ta buɗe.

Bai bari mun kalli komai ba. Ya ce akwatin tsoho ne kamarsa, ba a ba shi amana. Ya aiki surukina ya sayo ma'ajiya biyu, ya sa aka kwashe komai a kowacce, ya ce ɗaya ta kwana a wani gidan daban. Kwashewar ta ci awa uku. Ya zauna a ƙasa kusa da soket duk tsawon lokacin, yana ba surukina labarin yadda ake gane inda waya ta tsinke a ƙarƙashin ƙasa, ba ya barin kowa ya gitta kusa da igiyar.

Da aka gama ya gwada fayil ashirin daga wurare daban-daban, duk suka buɗe. Ya tattara cajojinsa, ya bar mana wadda ta dace, ya ce zai leƙa wayar baranda da ya ga ta saki. Ya ja surukina suka fita tare.

Matata ta zaɓi wani saƙon murya na daƙiƙa goma sha ɗaya. 'Yarmu ce, tana cewa ta makale a cunkoso, kada a jira ta, kuma a gaya wa Baba ya sha maganinsa. Muka saurara sau ɗaya. Matata ta tambaye ni ko na sha na yau. Ban sha ba, sai na tashi na ɗebo ruwa.