Almu Mai Keke da 'Yan Mutanen Katako

Da an idar da sallar la'asar, Malam Almu mai gyaran keke zai ture kayan aikinsa gefe, ya share bayan rumfarsa da ke bakin kasuwa, ya yayyafa wa rairayi ruwa, ya haƙa gidajen dara da yatsa. Haka yake yi tun ana kiran garin nan Abuja, kafin ya koma Suleja. Shi kansa ba gwanin dara ba ne, kowa lallasa shi yake yi. Bana ido ya yi rauni, ya ce zai huta, don haka ya kamata a faɗi abin da ya yi a gaban idonmu.

Bayan yaƙin basasa, Obiora tela, haifaffen garin nan, ya dawo shi kaɗai. Wata rana ya zo rumfar da 'yar jaka. Mu nan da tsinke da tsakuwa muke dara, shi kuwa sai ya zazzage waɗansu 'yan mutanen katako, kowanne bai wuce babban yatsa ba, da ido da hanci har da hula. Ƙanensa ne ya sassaƙa su, kuma ƙanen bai fito daga yaƙin ba.

A dara, in ka jera uku, kai ne za ka miƙa hannu ka ɗauke ɗan abokin wasanka. Baba Nata'ala, dattijon wurin, ya janye hannunsa.

"Ni ba na taɓa gunki. Ya kwashe su, ko mu tashi."

Obiora ya fara mayar da su jaka. "Ba komai, Malam Almu. Na ɗauka gida na dawo. Akwai motar Anaca ranar Laraba."

"Zauna," in ji Almu. "Ni zan yi da kai."

Wuri ya watse. Waɗansu har gyaran kekensu suka kai wani wurin. Almu bai zagi kowa ba, bai kuma ja da baya ba. Kullum sai ya zauna da tsakuwarsa, Obiora ya cinye shi tas, gobe ya sake zama. Daga baya ya sami Nata'ala a zaurensa.

"Baba, ba bauta musu yake yi ba, ƙanensa yake tunawa. In taɓawa ce damuwar, daga yau wanda aka ci shi zai ɗauke ɗansa da hannunsa."

"Darar kaka da kakanni za ka sauya?"

"A rumfata kaɗai."

Aka kwana biyu. Ran nan sai ga dattijo da keke, wai a yi masa faci, alhali tayar lafiyarta ƙalau. Ya tsaya yana kallon ɓarnar da Almu yake tafkawa a kan rairayi, har abin ya gagare shi haƙuri.

"Tashi, kana zubar mana da mutunci."

Ya zauna, ya jera uku, ya nuna ɗan da ya ci da leɓe. Obiora ya ɗauke da kansa. Nata'ala ya daɗe yana duban ɗan katakon a tafin hannun tela.

"Yaya sunan yaron?"

"Sebastine, Baba."

"Ya iya sassaƙa. Allah ya ba ka haƙurin rashinsa."

Obiora ya sunkuyar da kai yana kuka.

Kai ne Almu, mai taurin kai inda ya dace. Ka yarda a cinye ka kullum a bainar jama'a don kada ɗan gari ya zama baƙo a garinsu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu rumfuna da majalisu, ku yi koyi da shi, ku san abin da ke hana mutane zama tare, ku nemi hanyar kawar da shi.

Obiora yana nan a shagonsa. An taɓa tambayarsa me ya hana shi tafiya Anaca a wancan lokacin. Ya ce, "Mutum ɗaya ne ya ce in zauna, kuma bai tashi ya bar ni ba."