Kacalar Kefas

Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa hukunta ɗalibi ba tare da na saurare shi ba. Shi ya sa abin da garinmu ya yi wa Kefas yake ci mini rai.

Kefas mutumin Filato ne. Ya zo ƙasar Kura yana saurayi, ya yi ƙwadago a gonakin shinkafa, ya auri Linda mai sayar da kayan miya, ya yi furfura a cikinmu. Da aka haƙa tafkuna uku a bayan gari domin ruwan kwatami da na mayanka ya kwanta kafin ya isa rafi, ba ɗan garin da ya yarda ya tsare su, saboda wari. Kefas ya karɓa. A tafki na uku ya dasa kacala da hannunsa, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, domin saiwoyinta su tsotse sauran ƙazanta. Ruwa yakan shiga baƙi ƙirin, ya fita garau. Shekara tara mata suna wanki a rafin, manoma suna ja da inji zuwa latas da tumatir.

Manomin rani kuwa ya tsani kacala, kuma da hujjarsa: tana toshe magudanai, tana ɓoye tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Kowace shekara ana gayyar cire ta. Bara gayyar ta faɗo ranar Lahadi, Kefas yana coci. Uba, shugaban manoman ɓangarenmu, wanda na koyar a aji uku, ya gama da magudanai da wuri, ya hango tafkin, ya ja jama'a can. Suka tuge ta har saiwa, suka fasa bakin tafkin, domin a wurinsu ruwan da ya tsaya laifi ne.

Kefas ya iso da kayan cocinsa. Ina wurin.

"Malam Uba, wa ya aike ku?"

"Taimakonka muka yi, Baba Kefas," in ji Uba. "Shekara tara kana kiwon ciyawa, ana ce maka ma'aikaci!"

"Ita take wanke muku ruwa."

"Ciyawa? To, a sayo mata sabulu mana!"

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, amma ban ce uffan ba, kuma wannan shirun yana cikin abin da nake jin haushinsa.

Kafin mako uku rafi ya yi kore, ya yi ɗoyi. Dillalai suka sunsuna latas suka juya. Gudawa ta kwantar da yara, har da Zuliha, autar Uba, wadda ta kwana shida a asibiti. Sai aka taru aka yanke cewa Kefas ne ya yi sakaci. Aka rubuta takardar ƙorafi, Uba ya kawo mini in gyara.

Na ce, "Jumlolinka ba su da aibi, Uba. Ƙarya ce kawai a cikinsu, kuma ita ba da jan biro ake gyara ta ba."

Suka aika da ita a haka. Waɗanda suka ɗauki Kefas aiki ba su tako bakin tafkin ba. A wata guda suka sallame shi. Har yau ba a turo madadinsa ba, rafin kuma yana nan da warinsa.

Linda tana so su koma gida. Kefas ya ce za su tafi, amma sai kacalar ta kai masa ƙirji. Kullum da hantsi yana tsinto saiwoyin da manoma suka watsar a gefen magudanai, ya shiga laka har gwiwa ya dasa, ba wanda ya sa shi. Yanzu ta kai masa ƙugu.

An sa gayyar bana Lahadi mai zuwa. Na aika wa Uba cewa zan kafa kujerata a bakin tafki na uku tun da safe. Duk mai son tuge kacalar nan, sai ya fara ɗaga malaminsa.