Mai man zurma a kasuwar Buza

Rahila, wadda ta dawo daga karatu a Dakar, ta kasa ɗauke ido daga wata tsohuwa mai sayar da man zurma a kasuwar Buza. Fuskar tsohuwar duk tamoji, amma hannuwanta sumul suke, suna sheƙi. Da gani ta yi shekaru tana soya 'ya'yan zurma, tana dakawa, tana tafasawa har mai ya taso.

Rahila ta miƙa mata kwalbar wani mai da ake kira «ricin» da Faransanci, wanda take shafa wa kaushin ƙafarta. Ya kusa ƙarewa, ta nema ko'ina ba ta samu ba. Tsohuwar ta sansana, ta kwashe da dariya.

«Ɗiyata, wanga ai man zurma na. Ko bisa juji tana tsirowa. Tuɓe takalmin in gani.»