Ranar Da Muka Kai Kyanwar Baba Wankin Haƙori

Akwai wata rana a zamanmu na Makka da har gobe ba ta fita daga raina ba, kuma ban ga alamar za ta fita ba. Wani zai yi dariya idan ya ji cewa a kan kyanwa ne. Ni ma da wani ne ya ba ni labarin kafin abin ya same mu, da na yi.

A lokacin muna zaune a unguwar Zahir, ni da mahaifina da yayana. Mahaifiyarmu ta rasu shekarar da ta gabata, ta bar mana wata tsohuwar kyanwa da ta tsinta tana 'yar jaririya a bayan gida. Yaran maƙwabta na ce mata bissa, wato kyanwa da Larabci, Baba kuwa Tsohuwa yake kiranta. Tun bayan rasuwar ya rage magana da mutane. Idan ya dawo daga masallaci sai ya zauna a ƙasa, ta hau cinyarsa, ya yi ta yi mata hira da Hausa kamar tana ji.

Bayan alhazai sun watse ne muka lura ta daina ci. Takan je gaban kwano ta sunsuna, ta ɗauki loma, ta sake ta, ta ja baya. Yawu na zuba, bakinta na wari, ƙasusuwan bayanta suka fito. Na sa ta a kwando na kai ta wurin wani likitan dabbobi a wajen unguwar Kudai. Ya buɗe bakin ya nuna mini: dauɗa ta daskare a kan haƙoran kamar dutse, dasashin ya kumbura ya yi jajir. Ya ce sai an wanke, a cire waɗanda suka ruɓe, kuma ba a yi wa kyanwa wannan aikin sai an yi mata banju, wato allurar barci. Daga nan ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe bai ɗaga ba. Aka ɗauki jininta, aka yi hoton zuciya. Ya ce zuciyar ta yi kauri, ba ta aiki yadda ya kamata.

"Zan rage maganin, zan sa ido a kanta daga farko har ƙarshe," in ji shi. "Amma ba zan ce miki lallai za ta farka ba."

Da na dawo gida na kasa zama. Na share tsakar ɗaki da ba ta da datti, na wanke kwanukan da na riga na wanke. Yayana, wanda bai daɗe da gama aikin dako a Mina ba, ya ja ni gefe.

"Khalas, shi ke nan, ki bar ta haka. Idan ta mutu a hannun likita, me za ki ce wa Baba? Ke kika kai ta da ƙafarki."

"To Yaya, mu zuba ido yunwa ta kashe ta?"

Ni ma a raina na fi karkata ga maganarsa, don tsoro ya cika ni. Da na gaya wa Baba komai, sai ya yi ta shafa bayan kyanwar. Can ya ce, "Ɗiyata, jiya na ga ta zauna tana kallon abinci tana kuka. Ki kai ta. Amma da ni za a je."

Ranar aikin an ce kada a ba ta komai tun safe. Baba ma ya ture shayinsa, ya ce bai ga dalilin da zai karya ita ba ta karya ba. A mota kwandon na kan cinyarsa, ya zura yatsa ta ƙofar yana taɓa kunnenta. Da muka isa, matar da ke taimaka wa likitan ta miƙo hannu, sai da ta ce "Ya ammi, ba ni ita," wato "Kawu" da Larabci, kafin ya saki.

Jiran nan shi ne abin da na fi tunawa. Baba ya zauna, ya tashi, ya fita bakin titi cikin rana yana kallon manyan motocin da ke wucewa, ya dawo ya tambaye ni ko an ce wani abu. Carbi na hannunsa amma ba ya ja. Ni kuma duk ƙofar da ta motsa sai na ɗaga kai na duba. Yayana ya yi ta kiran waya, ina kashewa.

Can sai ga likitan ya fito, bai ko cire safar hannunsa ba. Ya ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa ana cikin aiki, don haka ya dakata. Ya cire haƙoran da suka fi ruɓewa, ya wanke abin da ya samu, sauran ya bari. Yanzu suna jiran ta farfaɗo.

"Tana numfashi?" Baba ya tambaya da Hausa, ya manta likitan ba ya ji. Na fassara. Likitan ya gyaɗa kai, ya ce mu shigo.

Tana kwance an lulluɓe ta da tawul, an aske gashin hannunta an maƙala ƙarin ruwa, harshenta ya ɗan leƙo. Baba ya sunkuya daidai kunnenta. "Tsohuwa," ya ce. "Tsohuwa, tashi mu tafi gida." Ba ta motsa ba. Ya sake kira. Ni dai na juya na fuskanci bango. Sai na ji ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali. Na waiwaya, na ga jelarta na motsi, ta buɗe ido ɗaya tana neman inda muryar take.

Washegari na dafa kaza na farfasa ta ta yi laushi. Ta matso tana tangaɗi, ta ci, ta ƙara, har ta lashe kwanon. Baba ya dube ni ya ce a zubo masa nasa, yunwa yake ji. Ta ƙara fiye da shekara tare da mu tana shan maganin zuciya, kuma da lokacinta ya yi, a gida ta mutu, cikin barcinta.

Abin da na koya shi ne, wani lokaci abin da muke kira tausayi tsoron kanmu ne kawai. Da mun bar ta, da mun ce kare ta muka yi, alhali ita ce za ta ci gaba da shan azaba don kada mu ɗauki laifi. Tun daga ranar, idan wani nawa na cikin ciwo kuma maganin na da haɗari, nakan fara tambayar kaina: wa nake jin tsoro dominsa, shi ko ni?