Kuɗin Kwano

Idan ka shiga kasuwar hatsi ta Gashuwa ka tambayi Abatcha ma'auni, ba lallai a gane wanda kake nufi ba, don masu sunan suna da yawa. Amma da ka ce Mai Tattali, nan take za a nuna maka wani dogon mutum mai furfura a gemu, tsugune gaban tulin gero da kwanon awo a hannu. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma ba don yabon kai ba. In kasuwa ta lafa, shi da kansa yake ba da labarin yadda ya same shi, yana yi yana dariya har hularsa ta karkace.

Mutumin Nguru ne, gidansu na gado yana bayan tashar jirgin ƙasa. Tun yana saurayi yake awo. Ranar kasuwar Nguru yana gida, ranar ta Gashuwa ya bi motar safe, wani lokaci har Jakusko ake kiransa. Hannunsa ya san tozon kwano ta yadda mai saye ba ya ƙorafi, mai sayarwa ba ya harara. Sai dai duk hatsin da ya bi ta hannun nan ba nasa ba ne. Nasa ladan awo ne kawai, wanda yake isa cefane, wani lokaci ma da ƙyar.

Abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne masu ajiya. Da kaka za su zo su kwashe gero da araha, su kulle a sito, su tafi abinsu. Sai damina ta yi nisa, rumbunan manoma sun yi ƙasa, sannan su buɗe ƙofa su faɗi kuɗin da suka ga dama. Abatcha yakan ce, "Buhun nan ni na ɗinke bakinsa da kaka, ni na farke shi da damina, a tsakani bai yi aikin komai ba sai barci, amma ya haifa wa mai shi babur. Ni da ban zauna ba, ko keke ban haifa ba."

Shekarar da kaya suka yi tashin da ba a taɓa gani ba, ya ga mutanen da ba su san gero da maiwa ba sun yi gini da bulo. Daga nan ya kamu da sauraren shirin tattalin arziki a rediyo. Ya haddace hauhawar farashi, ya haddace faɗuwar darajar naira, ya riƙa kai su teburin mai shayi yana rabawa kyauta. Karatunsa ɗaya ne: kuɗi a aljihu ƙanƙara ne a cikin zafin ranar Nguru, mai hankali kaya yake saye ya ajiye. Mutane suna gyaɗa kai. Hikimar tana da kyau ƙwarai, musamman da yake mai ita ba shi da ko sisin da zai gwada ta.

Sai Allah ya kawo abin gwaji. Ƙanensa Usaini, direban tirela a hanyar Legas, ya turo kuɗi saboda mahaifiyarsu, wadda kowa a unguwa yake kira Ya Kaka. Ɗakinta ginin ƙasa ne da rufin azara tun na zamanin mahaifinsu, kuma daminar da ta wuce da robobi da tukwane ta kwana tana tarar ɗigo. Usaini ya kira a waya ya ce, "Yaya, kuɗin kwano ne. Don Allah a rufa wa Ya ɗaki kafin ruwa ya sauka."

Kuɗin sun zo a tsakiyar kaka, lokacin da bai kamata a damƙa wa mutum irin Abatcha kuɗi ba. Da niyya mai kyau ya fita, wannan kam ba a musu. Amma hanyar shagon masu kwanon rufi ta ratsa ta layin 'yan hatsi, ga motoci suna sauke sabon gero, araha kamar a ce ɗauka. Ya tsaya ya yi lissafinsa a tsaye. Ruwa da sauran watanni. In ya sayi gero yanzu, kafin damina ta kankama ya ninka, sai a rufa ɗakin Ya, a rufa na Meram matarsa, har a yi wa madafi rumfa. Wa aka cuta? Daga baya yakan ce, "Usaini dai kwano ya ce, bai faɗi wane iri ba. Ni kuma kwanon da na sani tun tasowata na awo ne."

Da mai tura kura ya fara sauke buhuna a ƙofar gida, Meram ta leƙo ta tsaya kallo. Ta ce, "Malam, wanne ne zai riga zuwa, ruwan ko tsadar?" Ya ce mata harkar kasuwa ba a fahimtarta daga bakin murhu. Ta ce to, ta koma ciki.

Wuri ɗaya ne a gidan yake da rufin kwano, wato tsohon zauren ƙofa da ya gyara ya mayar ɗaki lokacin aurensa. Gero kuwa ba ya son laima. Don haka a nan aka jera buhunan, a kan katako, da maganin ƙwari, da sabon kwaɗo a ƙofa. Ya Kaka kuwa aka ce mata ana jiran kafinta. Kullum da safe Abatcha zai shiga ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya wuce zaure ya buɗe ya shafa buhuna. Shi ya faɗa da bakinsa cewa gaisuwar zaure ta fi tsawo.

Rani ya shiga, farashin gero bai motsa ba. Abatcha ya ce numfashi yake yi. Azumi ya zo ya wuce, maimakon ya hau sai ya ɗan sauka. Abatcha ya ce mai tsalle sai ya fara durƙusawa. Abin da bai lissafa ba shi ne ba shi kaɗai yake da rediyo ba. A shekarar nan malamin makaranta ya yi ajiya, tela ya yi ajiya, mai ɗinkin takalmi ma ya saka buhu biyu a bayan gado. Gari gaba ɗaya ya zama masu jiran tsada, ba mai saye. Da manyan suka gaji suka fara buɗe sito, sai farashi ya riƙa gangarowa kasuwa bayan kasuwa, kuma da hannun Abatcha ake auna shi yana gangarowa. Kwanon rufi kuwa, wanda ba wanda ya ajiye, shi ne ya yi ta hawa abinsa.

Usaini yakan kira daga hanya ya ce, "Yaya, an yi rufi?" Abatcha ya ce ana kai. In ya kashe wayar, sai ya shiga zaure ya tsaya yana kallon buhuna kamar su za su ba shi amsa.

Ruwan farko ya same shi a Gashuwa bayan la'asar, da iska mai ƙarfi. Manoman Katuzu da suka zo cin kasuwa suna ta hamdala, shi kuwa ya bar kwanon awonsa a shagon wani ya ruga tasha. Duk tsawon hanyar Nguru addu'arsa ɗaya, Allah ya sa hadarin bai kai can ba. Ashe hadarin ya kai, har ya fi ƙarfi.

Ya tarar azara ɗaya ta karye, ƙasa ta zubo a kan akwatin Ya Kaka, tabarmar sallarta ta zama laka. Meram ta fasa kwaɗon zaure da taɓarya ta kai tsohuwar can, kuma da yake buhuna sun cinye ƙasan wurin, a kansu ta shimfiɗa mata katifa. Can Abatcha ya same ta, zaune a bisa dukiyarsa, carbi a hannu, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

Ya durƙusa ya ce, "Sannu, Ya."

Ta ɗan bubbuga buhun da take kai. "Abatcha, wannan ne kwanon?"

Ya dubi buhun da ta bubbuga.

"Ƙanenka ya aiko a rufa mini sama, kai kuma ka shimfiɗa mini ƙasa," in ji ta. "To, Allah ya yi albarka. Nan dai ba ya ɗigo."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. A nan ya gane ba ranar ta sani ba. Tun ranar da kura ta tsaya a ƙofa ta sani, tana kallonsa yana shiga yana fita da zancen kafinta, ba ta ce uffan ba. Kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Kasuwar Nguru da ta biyo baya ya fitar da geron. Shi ya auna kayansa da hannunsa ga masu sarin kwano-kwano, yana yi musu tozo kamar yadda ya saba, kuma ranar ko ladan awo ba wanda ya ba shi. Da ya kai abin da ya samu wurin Madu kafinta, Madu ya duba ɗakin, ya duba kuɗin, ya ce, "Malam Abatcha, wannan rabi zai rufa. Wane rabin kake so?"

Aka rufa wajen gado. Wajen ƙofa kuma aka ja leda, aka ɗora buhunan geron da suka rage fanko, aka danne da duwatsu. Ko ba komai sun yi aikin rufi daga ƙarshe.

In yana ba da labarin a kasuwa, nan yake tsayawa. Ya kwaikwayi muryar Madu, ya nuna yadda tsohuwa take lilo da ƙafa a kan buhu, ya ce duk mai son shawarar zuba jari ya zo wurin Mai Tattali ya ji, sannan ya yi akasin haka. A yi ta dariya, wani ya saya masa shayi. Sauran labarin ba ya faɗa, Meram ce ta gaya wa maƙwabta.

Wata safiya ana yayyafi ya shiga gaishe ta, ya durƙusa a inda ya saba, wajen ƙofa, ƙarƙashin leda. Sai waya ta yi ƙara, Usaini ne, yana son jin muryar Ya. Abatcha ya miƙa mata, ya san tambayar da za a yi, kuma ya san tsohuwar ba ta ƙarya ko da wasa. Muryar Usaini tana fitowa sarai: "Ya, an rufa ɗakin?"

Ya Kaka ta ɗaga kai ta dubi sabon kwanon da ke samanta. Ta sauke ido ta dubi babban ɗanta, mai furfura a gemu, ruwa yana ɗiga a kan hularsa.

"An rufa, ɗana," ta ce. "Ba abin da yake ɗigo mini a ka. Yayanka ya tsaya a kan aikin da kansa."

Suka yi sallama ta ajiye wayar a kan filo. Abatcha bai ɗago ba, bai kuma gusa daga ƙarƙashin ɗigon ba. Ta ɗan matsa gefe, ta daɓa bakin gadon da tafin hannu.

"Matso nan," ta ce. "Kana jiƙewa."