Allon da Baba Ya Rage wa Magana

Jiya iska ta kayar da allon shagona na ɗinki, tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Marigayi Baba mai fenti na Sabon Gari ne ya rubuta shi, lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba.

Na kai masa takarda cike da sunana, irin ɗinki bakwai, har da addu'a. Rumfarsa sai warin fenti da kananzir. Ya karanta, ya soke komai ban da "Ɗinkin Mata".

Na ce, "Baba, sauran fa?"

Ya ce, "Ɗiyata, buroshi kira yake yi, ba ya hira. Wadda ke cikin motar Bungudu ba ta da lokacin karatu."

Ya ja haruffan masu kauri, sawun gashin buroshi na fitowa a wutsiyar kowanne. Ya sa na tsallaka titi na wuce da sauri ina waiwaye. Na karanta tsaf, amma haushi ya hana ni yi masa godiya.

Allon nan ya ciyar da 'ya'yana, amma ban koma wurin Baba ba har ya rasu. Allah Ya haskaka kabarinka, Baba, Ya isar maka da godiyar da na riƙe.