Donali Uku a Makabarta Ɗaya

Abu biyu na ɗora a kan wannan tafiya: gwanjon motocin ranar Laraba, wanda ban taɓa fashinsa ba tun da na buɗe filin sayar da motoci a bayan titin Wendover da ke nan Greensboro, da kuma auren 'yata Hafsat. Wanda ta kawo Bature ne, Daniel Donali. Ya musulunta tun kafin su haɗu, muna ce masa Daniyalu. Ni ban ga aibinsa ba, amma wana, Yaya Sani, ya bugo daga Kano ya ce ba za a sa rana ba sai an binciki asalin yaro. Na ce yana salla, yana da aikin yi. Ya ce, "Ɗan waye? Jikan waye?" Ya kashe waya.

A gida, binciken asali shi ne ka shiga unguwa ka zauna wajen mai shayi ka buɗe kunne. Nan kuwa matattu ake tambaya.

Greensboro

Mun fita ranar Talata bayan sallar asuba, Daniyalu na tuƙi. Gari na wayewa muka shiga makabartar da kakansa yake. Ciyawar wurin ta fi ta ƙofar gidana gyara. Dutsen kabarin ya faɗi sunan wani garin haƙar kwal a Pennsylvania inda aka haife shi, ya ce kuma ɗan Patrick ne. Na ce to, mun samu hanya.

A Summerfield muka ɗauki ƙanwar babansa, Anti Magi, wadda ta mai da neman kakanni sana'ar da ba ta kawo ko sisi. Ta fito rungume da wani allo mai hoton zaki da takobi. Ta ce tambarin gidansu ne, su jinin sarakunan ƙasar Ailan ne. Na juya bayan allon. Takardar kantin da ta saya tana nan manne.

Virginia

Tsaunuka da manyan motoci, babu shinge ko ɗaya. Da azahar muka tsaya wurin hutawar matafiya muka haɗa salla, muka buɗe dambun naman da matata Hajiya ta ƙulla mana. Anti Magi ta ɗanɗana, ta sha ruwa kwalba guda, ta ci gaba da labarin wani sarki da ya mutu kafin a ƙirƙiro takalmi. Bayan awa tara a hanya muka sauka a wani masauki mai warin taba.

Pennsylvania

Garin ya mutu tare da kwal ɗinsa. Makabartar cocin na bisa tudu, kuma ta fi garin yawan jama'a. Muka rarrabu muna karanta duwatsu. Anti Magi ta fara kira: ta ga Patrick Donali, mai doguwar hasumiya da gunkin mala'ika a kai. Can sai Daniyalu ya ce shi ma ya ga Patrick Donali, dutse shimfiɗe ba ado. Ni ma na yi tuntuɓe da nawa, rabinsa ya nutse a ƙasa. Ukun duk daga Ailan suka zo, duk tsara ɗaya.

A ofishin coci wata tsohuwa ta sauko mana da littafin baftisma, inda suke rubuta jariri da iyayensa. Ga kakan Daniyalu: uba Patrick, uwa Mary. Na ce shi ke nan, a duba wanda ya auri Mary. Tsohuwar ta cire tabarau ta ce, "Duk su ukun Mary suka aura." Littafin ɗaurin aure kuma ruwa ya cinye shi tun kafin a haife ta. Kamar ka sauka Kano ne kana neman Muhammadu mijin A'isha.

Anti Magi ba ta ga matsala ba. Ta koma ta jingina allonta da hasumiya tana hawaye, wai jininta ya gaya mata. Na sha ganin irinta a filina, masu zaɓen mota da fenti.

Na ja Daniyalu gefe, kuma ba gwada shi nake ba, so nake a gama. Na ce, "Tsaya jikin hasumiyar in ɗauke ka hoto. Wa zai zo daga Kano ya tono?"

Ya ce, "Baba, ban san ko kabarin uban kakana ne ba."

"Ɗaya cikin ukun dai naka ne. Ɗauki mai tsada."

"In na fara da Baba Sani da ƙarya, me zan ce masa ranar da ya tambaye ni 'yarsa? Ka gaya masa uku ne."

Na daɗe ina sayar da mota. Ban cika ganin wanda ciniki ya zo hannunsa, ƙarya ɗaya ta rage a rufe, ya ajiye ta ba.

Komawa

Alhamis da la'asar muka sauke Anti Magi da zakinta. Washegari da safe, ina zaune a filin motoci, na kira Kano. Na ce yaro ɗan Mika'ilu ne, jikan Yusufu, tattaɓa-kunnen Patrick, sai dai Patrick ɗin uku ne, kuma ya ƙi zaɓar mai hasumiya.

Yaya ya ce, "Wannan ai ba asali ba ne."

Na ce, "Yaya, kakan Baba fa, yaya sunansa?"

Ya ce ko Dawuda ne. Ya ce ko kuwa Dawuda ƙanensa ne. Na tambaye shi inda aka binne shi, sai na ji yana gyaran murya, yana tambayar lafiyar Hajiya. Kafin mu ajiye waya ya ce a sa rana bayan babbar salla.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa tsohuwar coci da ta hau tsani saboda baƙi. Gwanjo ya wuce ni, wata farar mota da na kwana biyu ina hari ta tafi hannun wani ɗan Nijar. Uban kakan Daniyalu kuwa har yau ba mu san wanne ba ne. Jikan na je gani, kuma na gan shi.